Noman Laimar Kwaɗi a Ƙasar Zafi: Darasi a Kan Shitake

Gabatarwa

A tsakiyar damina, bayan an kwana ana ruwa, akan wayi gari a ga wasu abubuwa masu kama da 'yar laima sun fito a gindin suri, ko a kan juji, ko a jikin ruɓaɓɓen kututture. Wasu suna kiransu laimar kwaɗi, wasu malafar kwaɗi, wasu kuma naman kaza. Yawancinmu a ƙasar Shagari da Bodinga ba mu ɗauke su abinci ba, sai dai yara su sa ƙafa su shure. Amma 'yan'uwanmu da suka zo daga Filato da kudancin Kaduna da kudancin Nijeriya sun san daɗinsu a miya. Yarabawa suna ce musu olu, Ibo kuma ero.

A wannan darasi za mu duba wani iri da ake kira shitake, wanda yana cikin waɗanda aka fi nomawa a duniya. Tambayarmu ita ce: abin da asalinsa na dazuzzuka masu sanyi da laima ne, zai yiwu a nome shi a ƙasar Sakkwato? Amsa ita ce zai yiwu, amma a ɗan taƙaitaccen lokaci a shekara, kuma sai wanda ya fahimci abin da ke sa shi fitowa.

Mece ce laimar kwaɗi?

Da farko dai, ba tsiro ba ce irin gero ko dawa. Ba ta da ganye, ba ta da kore, ba ta haɗa abincinta da hasken rana. Danginta su ne funfunar da ke kama burodi da yis ɗin da ke kumbura ƙullin fanke. Abincinta matattun itatuwa da kara da ganye.

Ainihin jikinta wasu fararen zaruruwa ne sirara, kamar saƙar gizo, waɗanda ke ratsa cikin icce suna narkar da shi suna ci. A wannan darasi za mu riƙa kiransu farin zare. Laimar da muke gani a waje 'ya'ya ce kawai, kamar yadda mangwaro yake ga bishiyarsa. A ƙarƙashin hularta akwai ƙwayoyin iri masu kama da ƙura, waɗanda iska ke kwasa ta watsa.

Ga abin da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe. Muddin farin zare yana da abinci, kuma yanayi bai sake ba, zai ci gaba da yaɗuwa ne kawai, ba zai damu da yin 'ya'ya ba. Sai ya gama mamaye abincinsa, sa'an nan yanayi ya sauya masa farat ɗaya, wato sanyi ya sauko, ruwa ya jiƙa shi, iska mai kyau da ɗan haske suka same shi, a nan ne yake fitar da laima. Saboda haka aikin manomi kashi biyu ne: renon zare, da kuma tayar da shi. Kowane kashi da yanayin da yake so.

Asalin shitake

Sunan daga harshen Japan ya fito. Shii sunan wata bishiya ce, take kuma laimar kwaɗi. Masana kimiyya suna kiransa Lentinula edodes. Hularsa ruwan ƙasa ce, namansa da kauri, yana da ƙanshi mai ƙarfi, musamman in ya bushe.

A ƙasar Sin aka fara nomansa. Akwai bayaninsa a rubuce tun shekarar 1209 a tarihin gundumar Longquan. Manoman wancan zamani sukan sare bishiya, su yi mata tsage-tsage da gatari, su bar ta a daji har iska ta kawo iri. Sun kuma lura cewa in aka bubbuga gungumen da ƙarfi yakan fitar da laima da yawa. Wannan noma na sa'a ne, wata shekara a samu, wata a rasa. A 1942 wani masani ɗan Japan, Kisaku Mori, ya fito da dabarar renon zaren a jikin 'yan guntayen itace, a huda gungume a cusa su. Daga nan noman ya daina zama caca. A shekarun 1970 da 1980 kuma manoman Taiwan da Sin suka yawaita nomansa a cikin leda cike da garin katako. Yau ƙasar Sin ce ke noma mafi yawan shitaken duniya.

Hanyar leda ita ce ta dace da mu, saboda dalili biyu. Na ɗaya, gungume yakan ɗauki wata shida zuwa shekara ko fiye kafin ya fara bayarwa, kuma ba zai tsallake bazararmu da rai ba. Na biyu, a ƙasar da hamada ke matsowa, ba daidai ba ne a sare ɗanyen icce don noman kayan miya. Garin katako kuwa shara ce a wurin masu yankan katako.

Abin da yake so, da abin da muke da shi

Farin zaren shitake ya fi yaɗuwa a kan digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Salshiyas. In zafi ya wuce 30 sai ya yi rauni, in kuma ya daɗe sama da 35 yana iya mutuwa. Wajen fitar da laima, yawancin ire-irensa suna son digiri 10 zuwa 20, amma akwai masu jure ɗumi da ke fitowa har wajen 25. Yana kuma son iska mai laima ƙwarai, kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari.

To, mu duba namu yanayin. Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a jihar Sakkwato yakan wuce digiri 40. Wannan lokaci ba na shitake ba ne sam. Da damina akwai laima, zafi kuma yakan ragu, musamman a Agusta, amma babu sanyin da zai tayar da shi. Da hunturu, a Disamba da Janairu, sanyin asuba yakan sauko wajen digiri 15, sai dai iskar a bushe take ƙayau, har leɓe da dunduniya suna tsagewa. Ke nan lokacin da muke da laima ba mu da sanyi, lokacin da muke da sanyi ba mu da laima. Mutanen Jos da na tsaunin Mambila sun fi mu sauƙin wannan al'amari.

Amma akwai mafita, kuma tana cikin kowane gida. Me ya sa ruwan randa yake sanyi? Saboda ruwa yana tsattsafowa ta jikin yumɓu, iska tana busar da shi, kuma duk ruwan da ya bushe yakan tafi da zafi. Iya bushewar iska, iya sanyin randa. Shi ya sa ruwan randa da hunturu har haƙori yake kamawa. Wani malami daga jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yi amfani da wannan ilimi ya yaɗa dabarar sa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, don adana tumatir da alayyafo ba tare da lantarki ba. Aikin ya jawo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Cikin irin wannan tukunya akwai sanyi, akwai laima, wato abu biyun da shitake ke nema. Busasshiyar iskar da muke ganin ita ce matsala, ita ce kuma za ta yi mana aikin firji.

Lissafin lokaci

Renon zare a leda yakan ɗauki mako 10 zuwa 12. Tun da muna son laima ta fito daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, sai mu ƙirga baya: a sa iri a cikin watan Satumba. Wanda ya sa iri a Disamba, ledarsa za ta nuna ne a Maris, daidai shigowar zafi, ya yi asarar kuɗi da wahala. Babban haɗari a tsakani shi ne zafin kaka na watan Oktoba, kuma za mu ga yadda ake kauce masa.

Kayan aiki

Don leda 15 masu nauyin kilo ɗaya da rabi kowace, ana bukatar:

1. Busasshen garin katako, kilo 8. A nemi na icce mai tauri. A guji na katakon da aka shafa wa maganin gara ko fenti, da na darbejiya, don yana hana funfuna da danginta girma.
2. Dusar shinkafa ko ta alkama, kilo 2, sabuwa wadda ba ta yi tsami ba.
3. Garin farin alli, giram 100.
4. Ruwa mai tsabta, kimanin lita 13.
5. Leda mai kauri mai jure tafasa, da guntayen bututun roba, da auduga, da takarda, da kyauro.
6. Gangar ƙarfe mai murfi, da sifirit na goge hannu, da ma'aunin zafi.
7. Irin shitake, wanda yawanci dawa ce ko alkama da farin zare ya lulluɓe, a cikin kwalba ko leda.

Iri ba a haɗa shi a gida, sai a ɗakin gwaje-gwaje. Cibiyar binciken masana'antu ta FIIRO da ke Oshodi a Legas, da cibiyar binciken gandun daji ta FRIN da ke Ibadan, suna cikin wuraren da ke aiki a kan noman laimar kwaɗi a Nijeriya. A duk inda za a saya, a nemi iri mai jure ɗumi, a kuma kiyaye kada ya sha rana a mota a hanya. Iri mai kyau fari ne tas, ba kore, ba baƙi, ba warin tsami.

Renon zare

Mataki na ɗaya: a gauraya garin katako da dusa da alli a bushe, sa'an nan a zuba ruwa kaɗan-kaɗan. A damƙi haɗin a matse a hannu. In ya dunƙule, danshi ya bayyana tsakanin yatsu amma ruwa bai zuba ba, ya yi daidai.

Mataki na biyu: a cika leda, a danna ta zauna sosai. A zura bakin ledar ta cikin guntun bututu, a naɗe shi baya, a toshe da auduga, a rufe da takarda a ɗaure da kyauro. Ta wannan auduga zare zai riƙa shaƙar iska, ƙura kuwa ba za ta shiga ba.

Mataki na uku: turarawa. A jera duwatsu ko bulo a gindin ganga, a ɗora katako a kai, a zuba ruwa ƙasa da katakon, a jera ledoji, a rufe, a bar ƙaramar kafa don tururi. Daga lokacin da tururi ya fara fita sosai, a ƙirga awa 10 zuwa 12, ana ƙara ruwan zafi in ya ragu. Dalili shi ne dusa abinci ce mai daɗi ga kowace irin funfuna, shitake kuwa mai nawa ne. In ba a kashe abokan takara ba, za su riga shi cinye abincin. Don rage cin itace, a yi amfani da karan dawa ko na gero.

Mataki na huɗu: a bar ledoji su huce sarai, kwana guda. Da asuba, lokacin da iska ta kwanta, a shiga ɗaki mai tsabta a rufe ƙofa da taga. A wanke hannu, a goge shi da cokali da bakin kwalba da sifirit. A cire auduga, a zuba iri cokali biyu ko uku, a mayar da audugar nan take. Kada a yi surutu a kan buɗaɗɗiyar leda. A kiyaye, sifirit yana kama wuta.

Mataki na biyar: a ajiye ledoji a ɗakin ƙasa mai kaurin bango, ba mai rufin kwano ba. Kada a cunkushe su, don zare da kansa yana fitar da ɗumi, cikin leda yakan fi ɗaki zafi da digiri biyu ko uku. Da zafin Oktoba, a shimfiɗa yashi a ƙasa a riƙa jiƙa shi, a rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a taga, a buɗe ɗakin da dare.

Alamomin nuna uku ne, kuma bi da bi suke zuwa. Cikin mako huɗu zuwa shida ledar za ta yi fari fat. Bayan haka sai ƙuraje su fito a jikin curin, kamar gugguru. Daga ƙarshe sai farin ya rikiɗe ya zama ruwan ƙasa, ya yi ɓawo kamar na bishiya, wani lokaci da ɗan jan ruwa a gindin leda. Wannan ba lalacewa ba ce. A nan ne masu gaggawa suke faɗuwa: da sun ga fari sai su yage leda, su zauna jiran abin da ba zai zo ba. A jira har akasarin curin ya yi ruwan ƙasa. Mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Tayar da shi

Idan curi ya nuna, hunturu kuma ya kankama, sai a haɗa masa abubuwa huɗu a lokaci guda.

Sanyi da ruwa: a cire leda gaba ɗaya, a ɗauraye curin. A tsoma shi cikin ruwan randa da ya kwana a waje, a danne da dutse don kada ya taso, ya kwana a ciki, kamar awa 12. Wanda ke da ƙanƙara yana iya ƙarawa. Kafin a tsoma, a ɗan mammare shi da tafin hannu, kamar yadda manoman Sin ke bugun gungume, amma kada a fasa shi.

Wurin zama: a sa babbar tukunya cikin wadda ta fi ta, a cika tsakaninsu da yashi, a jiƙa shi safe da yamma. A ajiye a inuwa, inda iska ke wucewa. A ɗora curi a kan 'yan tsakuwa a ciki, kada ya zauna cikin ruwa. A rufe baki da farin ƙyalle mai shara-shara, a jiƙe.

Iska: shitake yana numfashi kamar mu, yana fitar da gurɓatacciyar iska, ita kuwa tana taruwa a gindin tukunya. A buɗe ƙyallen sau uku ko huɗu a rana, a yi fifita kaɗan, a yayyafa ruwa a bangon tukunya.

Haske: ba ya son rana ta taɓa shi, amma ba ya son duhu. Hasken da mutum zai iya karatu da shi ya isa.

Cikin kwana uku zuwa biyar za a ga 'yan kawuna suna fasa ɓawo. Kwana bakwai zuwa goma bayan jiƙawa sun isa girbi.

Girbi da amfani

A cire laima tun bakin hularta yana lanƙwashe ciki, kafin ta baje. A murɗe ta daga gindi ko a yanke da wuƙa mai tsabta. Bayan girbi a bar curi ya huta mako biyu zuwa uku a inuwa, ya ɗan bushe, sa'an nan a sake jiƙa shi. Curi guda yana iya bayarwa sau uku, amma a nan ƙarewar sanyi ce za ta tsayar da mu, saboda haka a sa ran girbi biyu. In aiki ya yi kyau, curi mai kilo ɗaya da rabi yakan ba da giram 250 zuwa 400 gaba ɗaya. Ragowarsa taki ne mai kyau ga lambu.

Kusan kashi 90 cikin ɗari na ɗanyen shitake ruwa ne. Yana da furotin daidai gwargwado da bitamin na rukunin B. In aka shanya shi a rana, cikin hular yana kallon sama, yakan ƙara bitamin D, kuma busasshe yana wata da watanni a kwalba mai murfi. Ana sa shi a miyar kuka ko ta ganye, ko a soya da albasa. Lalle a dafa shi ya nuna, domin ɗanye ko wanda bai dahu ba yana sa wa wasu mutane ƙuraje masu ƙaiƙayi. Abinci ne, kada a ɗauke shi madadin maganin asibiti.

In an ga matsala

Koren funfuna a cikin leda: turarawa ba ta isa ba, ko ƙura ta shiga wajen sa iri. A fitar da ledar daga ɗaki a binne ta, kada a buɗe kusa da sauran.

Zare ya tsaya, ga warin tsami: ruwa ya yi yawa ko zafi ya yi yawa.

An jiƙa, ba abin da ya fito: ko curi bai nuna ba, ko sanyi bai isa ba. A bar shi mako biyu a sake.

Kawuna sun fito sun bushe: laima ta yi kaɗan.

Doguwar ƙafa da ƙaramar hula: iska ko haske ya yi kaɗan.

Shawara ga mai farawa

Shitake ba shi ne mafi sauƙi ba. Akwai wani iri da ake kira oyista, wanda aka fi nomawa a Nijeriya. Wasu ire-irensa suna fitowa a kan digiri 25 zuwa 30, suna cin karan shinkafa da aka daddatsa, ba sa bukatar doguwar turarawa, jiƙa karan a ruwan zafi na awa ɗaya ko biyu ya isa, kuma cikin wata guda ake fara girbi. Karan shinkafa kuwa ba ya wuya a fadamunmu. Wanda ya koyi tsabta da lura a kan oyista da damina, zai shiga shitake da ƙafar dama a Satumba. Kada kuma a zuba jari mai yawa kafin a san mai saye, don har yanzu abin baƙo ne a kasuwanninmu. Leda 15 sun isa gwaji.

Gargaɗi

Wannan darasi bai ba kowa izinin cin laimar kwaɗin daji ba. Wasu suna da dafi mai lalata hanta, dahuwa ba ta kashe shi, kuma alamar ciwon takan jinkirta awa shida ko fiye. Maganar cewa mai dafi yana baƙanta cokali, ko cewa abin da akuya ta ci mutum ma zai iya ci, ba gaskiya ba ce. In wani ya ci, ya fara amai ko gudawa, a kai shi asibiti nan da nan tare da ragowar abin da ya ci. Rigakafi ya fi magani.

Aikin gida

1. Mene ne bambancin yanayin renon zare da na fitar da laima?
2. Me ya sa ake sa iri a Satumba ba a Disamba ba?
3. Bayyana dalilin da ya sa randa ta fi sanyaya ruwa da hunturu a kan damina.
4. A hutun Disamba, kowane rukuni ya haɗa tukunya cikin tukunya, ya auna zafin cikinta da na waje da asuba da azahar da magariba har kwana bakwai, ya rubuta a jadawali. In zafin cikinta yana sauka ƙasa da digiri 20 da dare, kuma bai wuce 25 da rana ba, wurin ya dace, sai a fara shirin neman iri kafin damina mai zuwa ta ƙare.